A Gwada Ƙarin Tukuna Kafin A Sayar Da Gona Don Allurar Imunotarafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi bayani kan wani magani da sunansa ya fara shiga bakin jama'a, wato imunotarafi, da yadda ake aiki da shi a ciwon daji na hanyar abinci: maƙoshi, tumbi, hanta, matsarmama, babban hanji da dubura. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani labari ne da ya ƙi mutuwa. Tun watan Yunin 2022 yake yawo a WhatsApp da Facebook, ya lafa ya sake tasowa, wai an samu maganin kansa a Amurka da ya warkar da duk wanda aka yi wa shi, ɗari bisa ɗari. Labarin ba ƙarya ba ne, amma an yanke masa kai da ƙafa kafin ya iso mana.

Ga yadda abin yake. A asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin Niyok, Dakta Andrea Cercek da abokan aikinta sun ba masu ciwon dajin dubura wani magani mai suna dostarlimab, miligiram 500 duk bayan mako 3, har tsawon wata 6. Mutum 12 na farko da suka kammala, an nemi ƙarin an rasa, ba tiyata, ba kemo (allurar kashe ƙwayoyin daji da aka saba), ba gashin ƙari da na'ura. Daga baya adadin ya haura 40, sakamakon bai canja ba. Abin da masu turawa ba sa faɗa shi ne, zaɓo waɗannan mutane aka yi. Dukkansu ciwon bai fantsama zuwa hanta ko huhu ba, kuma dukkansu ƙarinsu yana da wata alama ta musamman da ake kira dMMR, wadda ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ciwon dajin dubura. Wanda ƙarinsa ba shi da ita, ko ya sayar da gida da gona ya sayi wannan allura, da wuya ta tsinana masa wani abu.

Sai mu fara da yadda maganin yake aiki, don daga nan ake gane sauran. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu sintiri, su kashe duk ƙwayar jikin da ta rikiɗe. Amma dokin da ba linzami mai shi yake fara kayarwa, don haka aka halicce su da linzami. Biyu daga cikin linzaman su ne PD-1 da CTLA-4. Ƙarin daji yakan koyi jan wannan linzami: ya fito da wani furotin a bayansa mai suna PD-L1, da ya taɓa PD-1 sai ƙwayar T ta ja ta tsaya, ƙarin yana girma a gabanta. Magungunan da muke magana a kansu shiga tsakani suke yi su hana a ja linzamin. Pembrolizumab, nivolumab da dostarlimab suna toshe PD-1. Atezolizumab da durvalumab suna toshe PD-L1. Ipilimumab da tremelimumab kuma CTLA-4. Su da kansu ba sa kashe ƙwayar daji ko ɗaya. Tasuku Honjo na Japan, wanda ya gano PD-1 a 1992, da James Allison na Amurka, wanda ya yi aiki a kan CTLA-4, su suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018 saboda wannan.

Nan ya kamata mu raba gari da tsakuwa. Ƙwayoyi da garin shayi da 'yan kasuwa ke tallatawa da sunan "maganin ƙara garkuwar jiki" ba su da wata dangantaka da imunotarafi, ko ta nesa. Matsalar mai ciwon daji ba ƙarancin dakaru ba ce, an ɗaure su ne. Duk wanda ya miƙo maka roba ya ce imunotarafi ce ka riƙa sha safe da yamma, kuɗinka yake so.

To me ya sa wani ƙari ke jin maganin, wani ba ya ji? Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafi littafin halittarta mai haruffa kimanin biliyan 3. Mai kwafi ba ya rasa tuntuɓen alƙalami, shi ya sa akwai masu bin bayansa suna gyara, furotin guda 4: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. In ɗayansu ya ɓace, kurakurai sai su taru jibgi, ƙwayar ta riƙa fitar da furotin masu baƙuwar kama. Irin wannan ƙari tamkar baƙo ne da ya shigo ƙauye da shigar da ba a saba gani ba, kowa ya gane shi. Ƙwayoyin T sun riga sun kewaye shi, linzami kawai ya riƙe su. Shi ake rubuta wa dMMR ko MSI-H a takardar sakamako. Wanda masu gyaransa ke nan lafiya kuwa, ana rubuta masa pMMR ko MSS, kuma shi ya saje da 'yan gari. Ko an saki linzami, dokin bai san inda zai dosa ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, kimanin kashi 15 cikin 100 na ciwon dajin hanji ne dMMR, a cikin wanda ya riga ya fantsama kuwa kashi 4 zuwa 5 kacal. Akwai abin lura game da ƙasarmu. Wani bincike da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka yi tare da na Memorial Sloan Kettering, aka buga a 2021, ya samu wannan alama a kusan kashi 28 cikin 100 na ƙarin 'yan Najeriya da aka auna, ninki biyu na abin da aka samu a majinyatan Amurka. Samfurin ba shi da yawa, kuma daga kudu maso yamma ya fito, don haka ba a ɗora shi kai tsaye a kan Kano ko Maraɗi ba. Amma ya isa hujjar cewa duk wani ciwon dajin hanji da aka gutsura a asibitocinmu ya cancanci a yi masa wannan gwaji.

Gwajin, wanda ake kira MMR, ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsokar da aka gutsuro lokacin leƙa hanji da kyamara, ko wadda aka yanko a tiyata, ita ake yankawa siriri a shafa mata rini kala 4, ɗaya ga kowane furotin, likitan binciken tsoka ya duba a madubin ƙara girma. Inda ake samun matsala shi ne tun kafin tsokar ta isa ɗakin gwaji. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin formalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 kafin sa'a 1 da cire ta, ruwan ya ninka girman tsokar sau 10, ta zauna a ciki tsakanin sa'a 6 zuwa 72. Abin da ake yawan gani kuwa, tsoka a cikin ruwan gishiri ko sifirit, ko formalin da aka tsinka da ruwan famfo don ya auku, an zuba a tsohuwar kwalbar allura, an toshe da filasta, ɗan'uwan majinyaci ya sa a aljihu ya shiga motar haya, ya kwana biyu a hanya cikin zafin bazara. Idan babban yanki ne na hanji aka jefa a bokiti ba a tsaga shi ba, formalin yana ratsa tsoka ne da kimanin milimita 1 a sa'a, kafin ya kai tsakiya ta ruɓe. Irin wannan tsoka ba ta kama rini, sai a ga kamar furotin ya ɓace alhali yana nan. Shi ya sa ƙwararre yake fara duba lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefen ƙarin. In su ma ba su kama rini ba, gwajin ya lalace, ba a yanke hukunci da shi. Kuma dangi su sani, bayan an gama aiki ana daskarar da tsokar a ɗan dunƙulen kaki, ana ajiye shi shekara da shekaru. Haƙƙinsu ne su nemi wannan dunƙule in za a sake wani gwaji a wani wuri, ba sai an sake gutsurar majinyaci ba.

Sakamakon dMMR yana da wani amfani da ya wuce majinyacin. Wani lokaci ɓacewar furotin ɗin gado ne, abin da ake kira ciwon Lynch, wanda ke bayan kimanin kashi 3 cikin 100 na ciwon dajin hanji. In MLH1 ne ya ɓace, akan ƙara gwajin wani sashe na littafin halittar ƙarin mai suna BRAF don a rarrabe. In an samu canjin BRAF, galibi ba gado ba ne. In gadon ya tabbata, kowane ɗa ko ɗan'uwa shaƙiƙi yana da rabi da rabi na yiwuwar ɗaukarsa, sai a fara leƙa musu hanji tun suna shekara 20 zuwa 25, duk shekara 1 ko 2, matan gidan kuma a sa ido kan mahaifarsu. Gidan da aka ce "basir ne yake kashe su" kaka da uba da ɗa, a bincika.

Ga wanda aka tabbatar ƙarinsa dMMR ne, alƙaluman suna da daɗin ji. A gwajin magani mai suna KEYNOTE-177, wanda aka yi da mutum 307 da ciwon hanjinsu ya fantsama, rabin waɗanda aka ba pembrolizumab sun kai wata 16.5 ciwon bai motsa ba, na kemo kuwa wata 8.2. Illa mai tsanani ta sami kashi 22 cikin 100 na masu pembrolizumab, ta sami kashi 66 na masu kemo. A CheckMate 8HW, da aka haɗa nivolumab da ipilimumab, kashi 72 cikin 100 sun cika shekara 2 ciwon bai ci gaba ba, a ɓangaren kemo kashi 14. A ƙasar Holan kuma, binciken NICHE-2 ya ba masu ciwon hanjin da bai fantsama ba ipilimumab sau 1 da nivolumab sau 2 kafin tiyata. Da aka yanko hanjin, kashi 68 cikin 100 ba a samu ƙwayar daji mai rai ko ɗaya ba. Duk da haka a riƙe wannan: a KEYNOTE-177 ɗin, kusan mutum 3 cikin 10 ciwonsu ya ci gaba tun daga farko duk da suna da alamar. Masu dubura da aka bar su ba tiyata kuma ba sallamarsu aka yi ba, ana leƙa su da kyamara da hoton MRI a kai a kai na shekaru. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirga ba, tiyata ta fi masa aminci.

A tumbi da maƙoshi labarin ya sha bamban. Nan ba a ba da maganin shi kaɗai a galibin lokuta, ɗora shi ake yi a kan kemo, ribar kuma ta watanni ce. A CheckMate 649, masu ciwon dajin tumbi da makin PD-L1 ɗinsu ya kai 5 sun samu tsaka-tsakin rayuwa na wata 14.4 da nivolumab da kemo, wata 11.1 da kemo kaɗai. A KEYNOTE-590 na maƙoshi, wata 12.4 da wata 9.8. Makin da ake magana, CPS, lissafi ne: a ƙirga ƙwayoyin da suka kama rinin PD-L1, na daji da na garkuwa, a raba da yawan ƙwayoyin daji masu rai, a ninka da 100. Iya hawan makin iya amfanin maganin; wanda makinsa bai kai 1 ba, kusan illar kawai zai kwasa. Mai ciwon tumbi yana buƙatar gwaji 3 kafin a zaɓa masa magani, HER2 (wani furotin a bayan ƙwayar dajin) da PD-L1 da MMR, domin a tumbi ma dMMR yana jin maganin sosai. Akwai kuma wanda aka yi wa kemo da gashi sannan aka yanke maƙoshin, aka tarar da sauran ciwo a abin da aka cire. Shi nivolumab na shekara 1 ya ɗaga lokacin da yake yi ciwon bai dawo ba daga wata 11 zuwa 22.4.

Hanta ce ta fi shafar mu, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ga kuma gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu. Waɗannan biyu in suka haɗu, su ke kawo mana samari 'yan shekara 30 da 40 da ƙari a hanta. Magani na farko a yau ga wanda ba za a iya yi wa tiyata ba shi ne atezolizumab miligiram 1,200 tare da bevacizumab miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk mako 3. A gwajin IMbrave150 wannan haɗi ya ba da tsaka-tsakin rayuwa na wata 19.2, tsohon maganin sorafenib kuma wata 13.4. Ɗaya hanyar ita ce tremelimumab miligiram 300 sau 1 tak, sai durvalumab miligiram 1,500 duk mako 4. Bayan shekara 5, kusan mutum 1 cikin 5 yana raye, a ɓangaren sorafenib kimanin 1 cikin 10.

Sai dai waɗanda aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su hantarsu tana aiki. Ana auna wannan da ma'aunin Child-Pugh, mai duba abu 5: sinadarin shawara a jini, albumin, saurin daskarewar jini, ruwa a ciki, da ruɗewar hankali. Maki 5 ko 6 shi ne rukunin A, kuma su aka ɗauka. Majinyacinmu kuwa yakan zo ne ciki ya kumbura kamar tulu, ido ya yi ɗorawa, ƙafa ta haye, bayan wata shida ana jiƙe-jiƙen shawara. Wannan ya faɗa B ko C, kuma hantar da ta gaza ita za ta kai shi ƙasa kafin ƙarin. Ba shi wannan allura a wannan hali asarar dukiyar marayu ce, kuma wajibin likita ne ya faɗa wa dangi haka ƙarara.

Wanda ya cancanta ma akwai sharuɗɗa biyu da ba a tsallakewa. Na ɗaya, kafin bevacizumab sai an leƙa maƙoshi da kyamara a cikin wata 6 da suka gabata. Hantar da ta ƙanƙance takan sa jijiyoyin ƙasan maƙoshi su kumbura, bevacizumab kuma yana jawo zubar jini. In ba a ɗaure su da roba ba tukuna, majinyaci na iya aman jinin da ba a tarar da shi. Ana kuma auna hawan jini da furotin a fitsari kafin kowane zagaye. Wanda jijiyoyinsa ke da haɗari, hanyar durvalumab ta fi dacewa da shi. Na biyu, mai ƙwayar B ya fara shan tenofovir ko entecavir kafin allurar farko, kuma kada ya daina ko na mako guda, domin in ƙwayar ta farfaɗo za ta ƙone sauran hantar. Allurar rigakafin B da ake yi wa jariri cikin sa'a 24 da haihuwa kyauta ce a asibitin gwamnati, mun ga ya dace mu ambata ko da ba ita ce maganar ba.

Matsarmama da magudanarta ribar kaɗan ce: durvalumab a kan kemon gemcitabine da cisplatin ya kai tsaka-tsakin rayuwa na wata 12.8, kemo kaɗai 11.5, ko da yake waɗanda suka cika shekara 2 sun ninka. A fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, maganin bai yi aiki ba, in ban da kimanin kashi 1 cikin 100 masu dMMR.

Yadda ake ba da shi ba wuya. Mu ɗauki pembrolizumab: kwalba ɗaya miligiram 100 ce a cikin mililita 4 na ruwa garai-garai. Ana zuƙe kwalba 2 a zuba a ledar ƙarin ruwa, a juya ta a hankali ba girgizawa, a ɗaura ta jijiya ta bi ta matata, minti 30 an gama. Miligiram 200 duk mako 3, ko 400 duk mako 6, har zuwa shekara 2, wato zagaye 35 ga mai karɓa duk mako 3. Gashin kai ba ya zuba, amai ba kasafai ba. Amma maganin furotin ne, ajiyarsa tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya kwana a zafi ya lalace, in ya daskare ma ya lalace, kuma ido ba ya ganewa. Firjin gida mai jiran a kawo wuta, ko kula da aka jibga wa ƙanƙara kwalbar tana manne da ita, duk hanyar zubar da miliyoyi ce. Haka saye a hannun wanda ya ɗauko shi a jakar hannu daga waje. A Disambar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar samun jabun Imfinzi, wato durvalumab, wanda ba sinadarin maganin a cikinsa, NAFDAC ma ta sha fitar da gargaɗi kan jabun magungunan daji. A saya ta kantin maganin asibiti ko wakilin kamfanin, a rubuta lambar rukunin kwalbar a fayil.

Kafin allurar farko ana auna jini gaba ɗaya, aikin hanta da ƙoda, suga, sinadaran maƙoƙo (thyroid, gaɓar da ke gaban wuya), ciwon hanta B da C, ƙanjamau, hoton ƙirji don tarin fuka, awon zuciya, da gwajin ciki ga mace, don ba a ɗaukar ciki ana kan maganin har sai wata 4 zuwa 5 bayan an daina. Mai ƙanjamau da ke shan maganinsa ana iya ba shi. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta kuwa jikinsa na iya tunkuɗe dashen, mai cutar da garkuwa ke cin jiki kuma tana iya tashi. Sannan a tambayi majinyaci ko yana shan "sha ka fashe" don ya mayar da ƙibar da ciwo ya zaftare, ko haɗin ciwon gaɓoɓi na kemis. Yawancinsu dexamethasone ne a ciki, shi kuma kwantar da ƙwayoyin T ɗin da ake ƙoƙarin tayarwa yake yi. Ana tufka ana warwara ke nan.

Yanzu ga ɓangaren da muke so kowane ma'aikacin lafiya na karkara da kowane mai kemis ya karanta. Dokin da aka sakar wa linzami yana iya taka shukar gida. Ƙwayoyin T sukan far wa hanji, hanta, huhu, fata, maƙoƙo, har zuciya. Galibi a watanni 3 zuwa 6 na farko ne, amma yana iya zuwa bayan an daina maganin da watanni. Haɗarin a wurinmu shi ne kowace illa tana da tagwai a cikin cututtukan yau da kullum. Ɗauki mutumin da aka yi wa zagaye na uku, ya koma garinsu, gudawa ta kama shi sau 6 a rana da majina da ɗan jini. Zai je kemis, a ce atini ne ko taifot, a haɗa masa Flagyl da Cipro da maganin tsayar da zawo. Kwana 5 ba sauƙi, a canja wani. Alhali hanjinsa ne ke kumbura, kuma in aka yi sake sai ya huje. Ƙa'idar ita ce a ƙirga abin da ya ƙaru a kan yadda ya saba fita. Ƙasa da sau 4, a sa ido a sha ruwa. Sau 4 zuwa 6, ko da jini ko murɗa, a dakatar da allurar, a auna bayan gida, a fara prednisolone kimanin miligiram 1 ga kowane kilo. Sau 7 zuwa sama, kwanciya ce a asibiti da methylprednisolone ta jijiya, miligiram 1 zuwa 2 ga kilo. In kwana 3 zuwa 5 ba canji, sai infliximab ko vedolizumab. Ba a yanke prednisolone farat ɗaya, ana rage shi sannu a hankali cikin mako 4 zuwa 6, in ba haka ba ciwon ya dawo.

Haka tari da haki: kafin a ce sanyi ne ko tarin fuka, a yi hoton huhu, don kumburin huhu na maganin yana kisa. Kasala da jiri da faɗuwar hawan jini da ake ɗora wa maleriya na iya zama maƙoƙo ne ya mutu, ko jiki ya daina samar da sinadarin cortisol. Na farko ƙwayar levothyroxine ce maganinsa, na biyu hydrocortisone, kuma in duka biyun ne sai a fara da hydrocortisone. Ƙishirwa da yawan fitsari kwatsam, a auna suga nan take. Ciwon ƙirji ko faɗuwar fatar ido ko raunin tsoka a makonnin farko, a garzaya asibiti a ranar. Kumburin zuciya bai cika faruwa ba, amma in ya zo yana tafiya da mutane da yawa. In awon hanta ya ninka iyakarsa sau 3 a dakata, in ya wuce sau 5 a fara magani mai ƙarfi, kuma a nan ba a ba da infliximab. A ƙasarmu dole a ƙara wani taka-tsantsan da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba: prednisolone mai yawa da infliximab suna tayar da tarin fuka da ciwon hanta B da ke kwance, suna kuma sa tsutsar ciki mai suna strongyloides ta bazu a jiki, don haka a bincika su tun kafin a shiga wannan hali. Mafi sauƙin kariya ita ce ɗan kati a aljihun majinyaci, ɗauke da sunan maganin, ranar allurar ƙarshe da lambar wayar sashen da ke duba shi, ya nuna wa duk wanda zai ba shi ko da farasitamol ne.

Ana sake hoton CT duk mako 8 zuwa 12. Wani lokaci ƙarin kan ƙara girma a hoton farko saboda ƙwayoyin T sun cika shi, sai a sake hoto bayan mako 4 zuwa 8 a tabbatar. Amma wannan bai kai kashi 10 cikin 100 ba. In hoto ya nuna girma, mutum kuma yana ramewa, ciwo na ƙaruwa, to maganin ne bai karɓe shi ba, kada a ci gaba da zuba kuɗi da sunan jira.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A Amurka farashin zagaye ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000. Mai karatu ya ninka da 35 ya mayar naira. Gwajin MMR bai kai ko kusa da kuɗin kwalba ɗaya ba. A asibitin Tata Memorial na Mumbai an gwada nivolumab miligiram 20 kacal a ciwon dajin kai da wuya aka ga amfani, abin da ya sa ake fatan ƙaramin awo zai iya wadatarwa, amma wannan ba a hanji ko hanta aka yi shi ba, kuma ba hurumin dangi ba ne su raba kwalba da kansu. A Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa pembrolizumab a jerin muhimman magunguna, har da ciwon hanji mai dMMR da ya fantsama. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya kuwa da nono da bakin mahaifa da furostet ya fara. Muna kira ga cibiyar bincike da kula da ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa su shigar da hanji da hanta, su fara da biyan kuɗin gwajin MMR a kowane asibitin koyarwa, su kuma wadata asibitocin jihohi da formalin na ƙwarai da robobin ɗaukar tsoka masu murfi.

Wassalam.

Daga wasu likitoci masu kula da majinyatan ciwon daji a arewacin Najeriya.